Robert Smalls, bawan da ya gudu da jirgin yaƙi ya dawo ya zama ɗan majalisar jiha: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da na kawo labarin mutumin nan a wajen hira sai a tsaya a kan daren da ya sace jirgi, a yi ta dariya ana cewa kai amma wannan namijin duniya ne, daga nan sai a canza magana. Ni kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba jirgin ba ne, shekaru sama da 50 ɗin da ya yi bayan jirgin ne, musamman zamansa a majalisar dokokin jiharsu. Ga tambayoyin da aka fi jefo mini, na amsa su yadda suka zo.

Wai waye shi tukuna?

Baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi ranar 5 ga Afrilu 1839 a garin Beaufort na jihar Karolina ta Kudu, su mutanen wurin Byufot suke kiran garin. A bawa aka haife shi, a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidan ubangidansa Henry McKee. Sunan mahaifiyarsa Lydia Polite. Yankin nasu tsibirai ne da fadamun shinkafa da gonakin auduga a bakin teku, kuma bayin da ke wurin suna da yarensu da al'adarsu da ake kira Gullah, wadda jijiyarta daga Afirka ta Yamma take, shi ma da yaren ya tashi kuma ya yi masa rana sosai lokacin da ya shiga siyasa. Ya rasu ranar 23 ga Fabrairu 1915. Tsakanin haihuwa da rasuwa ya yi matuƙin jirgi, ya yi kyaftin a yaƙin basasa, ya yi ɗan majalisar wakilai ta jiha, ya yi sanatan jiha, ya je majalisar tarayya, ya yi shugaban kwastam na garinsu.

Ya aka yi bawa ya iya tuƙin jirgi?

Yana ɗan shekara 12 aka tura shi birnin Charleston aikin ƙodago, wato ya yi aiki a biya, kuɗin su tafi aljihun ubangida a bar masa ɗan abin da ba a rasa ba. Ya yi aiki a otal, ya yi kunna fitilun titi, daga baya ya faɗa tashar jiragen ruwa, daga dako zuwa ɗaure igiyoyi da ɗinkin filafilan jirgi har ya kai ga riƙe sitiyari. Ya san mashigin Charleston kamar yunwar cikinsa, ina ruwa ke da zurfi ina yashi ya taru. Abin dariyar shi ne aikin matuƙi yake yi amma ba a kiran baƙar fata matuƙi a lokacin, wannan suna na Turawa ne, shi sai dai a ce mai riƙe sitiyari.

Ya yi aure a ƙarshen 1856, matarsa Hannah Jones baiwa ce mai aikin otal. Ya nemi ya fanshi matar da 'yarsu aka ce masa dala 800, shi kuma abin da ya iya tarawa bai wuce dala 100 ba. Ka yi lissafin shekarun da zai ɗauka.

To ba mu labarin daren da kansa

Yaƙin basasar Amurka ya fara a Afrilun 1861, kuma a nan Charleston ɗin aka yi harbin farko, a kan sansanin Fort Sumter da ke tsakiyar ruwa a bakin mashigin. Jihohin Kudu sun ɓalle don su ci gaba da riƙe bayi, gwamnatin tarayya ta Abraham Lincoln ta ce ba a isa ba, sai ta jera jiragen yaƙinta a wajen mashigin ta datse hanya. In na ce 'yan Arewa a nan, Arewar Amurka nake nufi fa, kada wani ya ɗauka mu ne.

Smalls yana aiki a wani jirgi mai tafiya da tururi sunansa Planter, da can auduga yake ɗauka, da yaƙi ya zo sojojin Kudu suka ɗauke shi haya yana kai musu saƙo da sojoji da makamai, har da dasa nakiyoyi a ruwa. Hafsoshin jirgin Turawa ne su uku, sauran ma'aikata bayi ne. Daren 12 ga Mayu 1862 jirgin yana ɗaure a tasha, an loda masa igwa huɗu da za a kai wani sansani, sai kyaftin ɗin mai suna Relyea da abokan aikinsa suka sauka suka tafi kwana a gari, alhali doka ta hana su barin jirgi. Dama sun saba, kuma Smalls ya daɗe yana lura da wannan sabon nasu.

Wajen ƙarfe 3 na dare, wayewar 13 ga wata, suka hura wuta suka tayar da inji. Ba su yi saɗaf-saɗaf ba, a'a, tutar Kudu suka ɗaga suka fita kamar aikin kullum, domin wanda ya yi kamar ɓarawo shi ake tuhuma. Suka ratse wata tasha inda matansu da 'ya'yansu ke ɓoye a cikin wani jirgi suka kwashe su, gaba ɗaya su 16 ne. Smalls ya sa malafar kyaftin ya tsaya inda kyaftin ke tsayawa, yana kwaikwayon tsayuwarsa, cikin duhu daga nesa wa zai gane? Haka suka riƙa wuce sansanonin tsaro ɗaya bayan ɗaya, a kowanne yana busa usur ɗin jirgi da siginal ɗin da aka sani. Mafi haɗari shi ne Fort Sumter, wajen ƙarfe 4 da rabi suka iso gabansa, ya busa dogo biyu gajere ɗaya, mai gadi ya ba su hanya. Sai da suka yi nisa, maimakon su karkata inda jiragen Kudu ke bi sai aka ga sun miƙe sak wajen jiragen tarayya, lokacin kuma igwa ba za ta kai su ba.

Saura kuma matsala ta biyu, su 'yan Arewan da suka hango jirgin abokan gaba ya nufo su da asuba har sun shirya harbi. Abin da ya cece su farin zanin gado ne da Hannah ta taho da shi, aka sauke tutar Kudu aka ɗaga shi, wani a jirgin 'yan Arewa mai suna Onward ya hango farin ƙyalle cikin hazo aka dakata. Shi ya sa in ana labarin nan ba na son a manta da matar.

Da an kama su fa?

Kisa ne ga mazan, ba wata shari'a mai tsawo, matan da yaran kuma a sayar da su. Labarin da ya zo shi ne sun yi alkawari tun kafin su tashi cewa in abu ya ɓaci gara su nitse da jirgin da a mayar da su.

Ban da jirgin, me 'yan Arewa suka samu?

Sun samu igwa, sun samu littafin siginal na sojojin Kudu, sun kuma samu mutumin da ya san inda aka dasa nakiyoyi saboda da hannunsa aka dasa wasu. Ya faɗa musu cewa 'yan Kudu sun janye makamansu daga tsibirin Coles a bakin kogin Stono, cikin mako guda jiragen tarayya suka shiga wurin. Admiral Samuel Du Pont da ke jagorantar rundunar ya yaba masa a rahotonsa.

Majalisar tarayya ta ce a ba Smalls da abokan aikinsa rabin kuɗin jirgin, amma sai aka yi wa jirgin kuɗi a wulaƙance, wajen dala 9,000, rabon Smalls ya kama dala 1,500. Ya yi shekaru yana bin haƙƙinsa, sai a 1900 aka ƙara masa dala 3,500, shekara 38 bayan abin. Ba yau aka fara wahalar da tsofaffin sojoji a kan kuɗinsu ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi jirgin nauyi. A Agustan 1862 ya je Washington tare da wani fasto mai suna Mansfield French, suka ga Lincoln da sakataren yaƙi Edwin Stanton a kan a bar baƙaƙe su shiga soja. Stanton ya sa hannu a takardar da ta ba da izinin ɗaukar baƙaƙe har 5,000 a yankin Port Royal, kusa da Beaufort. Ba zan ce Smalls kaɗai ya jawo wannan ba, mutane da yawa suna ta matsa lamba, amma dai mai cewa bawa ba shi da ƙwaƙwalwa ko zuciyar yaƙi ya rasa bakin magana bayan Planter.

Shi soja ne da gaske, ko farar hula ne da ya taya sojoji aiki?

Tambaya mai kyau, kuma ita ce ta ba shi wahala a rayuwarsa. A fagen daga ya yi yaƙi, shi da kansa ya ƙirga karo 17 da ya shiga artabu. Ranar 7 ga Afrilu 1863 shi ne matuƙin wani jirgi mai sulken ƙarfe, Keokuk, lokacin da aka kai wa Fort Sumter hari, jirgin ya sha harbi kusan sau 90, ya fitar da shi daga fagen, washegari ya nitse bayan an kwashe mutane. A Disamban 1863 kuma yana cikin Planter aka buɗe musu wuta daga sansanin 'yan Kudu na Secessionville, kyaftin ɗin Bature mai suna Nickerson ya tsorata ya shige rumbun kwal ya ɓuya, Smalls ya san in aka miƙa wuya shi Baturen fursunan yaƙi zai zama su kuwa baƙaƙe sai dai wani labarin, sai ya karɓi jirgin ya fitar da shi. Daga nan aka naɗa shi kyaftin ɗin Planter, albashi dala 150 a wata.

Amma a takarda fa? Da ya zo neman fansho sai aka ce ba a ga inda aka ba shi muƙamin hafsa ba, a matsayin farar hula mai kwantiragi ya yi aiki. Sai a 1897 majalisar tarayya ta yi masa doka ta musamman aka sa masa dala 30 a wata. Muƙamin janar da ake kiransa da shi kuma daga rundunar jiha ya same shi bayan yaƙi, ya hau har manjo janar kafin a karɓe a 1877. Ni dai a wajena wanda aka yi wa ruwan harsashi sau 17 soja ne, fayil ya faɗi abin da ya ga dama.

Na ji an ce an taɓa sauke shi daga mota?

Taragon haya ne da dawakai ke ja, a Philadelphia, 1864, lokacin da ya kai Planter gyara. Aka ce ya tashi ya koma waje ya ba Bature wuri, ga ruwa ana yi, sai ya sauka ya tafi da ƙafa. A Arewa fa, kuma mutumin da jaridunsu suka gama yi wa kirari. Abin ya tayar da ƙura, a 1867 jihar Pennsylvania ta hana wariya a taragon haya. A zaman nan na Philadelphia ne ma ya duƙufa koyon karatu da rubutu, yana da shekara 25.

Da gaske ya sayi gidan da aka haife shi bawa?

Da gaske ne, gida mai lamba 511 a titin Prince. Tun Nuwamban 1861 sojojin tarayya suka kama yankin Beaufort, masu gonaki Turawa suka tsere suka bar gidajensu, ba su biya harajin da gwamnati ta sa ba sai aka yi gwanjon gidajen, shi kuma ya saya tun yaƙi bai ƙare ba. Ƙaramin gyara dai, lokacin gidan ya riga ya bar hannun McKee, yana hannun wasu 'yan gidan De Treville, su ne ma suka kai ƙara har kotun ƙoli ta Amurka kuma kotun ta bar wa Smalls gidansa. Labarin da mutanen Beaufort ke bayarwa shi ne matar McKee da ta tsufa hankalinta ya fara gushewa ta dawo gidan tana ganin nata ne har yanzu, ya bar ta ta zauna, ana kula da ita. A gidan ya zauna har ya rasu.

To ya aka yi ya faɗa siyasa?

Bayan yaƙi ya ƙare a 1865 ya koma Beaufort ya buɗe kanti, ya sayi gini aka mai da shi makarantar yaran baƙaƙe, yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Republican a yankin. A 1867 majalisar tarayya ta ce jihohin Kudu ba za su dawo cikin tarayya ba sai sun rubuta sabon tsarin mulki kuma maza baƙaƙe sun yi zaɓe. To a Karolina ta Kudu baƙaƙe ne suka fi yawa, kusan kashi 60 cikin 100, ka ga lissafi ya juye kenan.

A Janairun 1868 aka zauna taron tsarin mulki a Charleston, wakilai 124, mafi yawansu baƙaƙe, Smalls yana cikinsu daga Beaufort. A shekarar aka zaɓe shi majalisar wakilai ta jiha, a 1870 ya koma majalisar dattawa ta jiha, ya gaji kujerar Jonathan Jasper Wright wanda aka kai kotun ƙoli ta jihar, ya zauna a nan har ya tafi tarayya a 1875. Ba wani boko mai zurfi gare shi ba, akwai baƙaƙe lauyoyi da fastoci da suka zo daga Arewa da suka fi shi Turanci nesa ba kusa ba, amma in ya hau mumbari ya juya harshe zuwa Gullah shi kenan an gama, manoman tsibirai nasu suke gani. Har Sarkin Beaufort ake ce masa.

Sanatan jiha kuma? Jiha tana da sanata ne?

A Amurka eh. Mu a Najeriya da muka ɗauko tsarin shugaban ƙasa irin nasu a 1979, majalisar dokokin jiha guda ɗaya muka yi, sanata sai a Abuja. Su kuwa kowace jiha majalisa biyu gare ta, ta wakilai da ta dattawa, in ban da Nebraska mai guda ɗaya. Kuma jiha a can ba 'yar amshin shata ba ce, makarantu, dokar zaɓe, yawancin dokokin laifi, aure, gado, filaye, duk a hannun majalisar jiha suke. Ka riƙe wannan domin shi ne mabuɗin duk abin da ya faru da Smalls, abin da aka ba su a majalisar jiha aka ba su, abin da aka ƙwace ma a nan aka ƙwace. Babban birnin jihar tasu Columbia ne.

Me ya tsinana a majalisar? Ko dai suna ne kawai?

Nan ne nake son a tsaya. A jihar nan tun 1740 doka ta hana koya wa bawa rubutu, a 1834 aka ƙara da karatu ma. Talakan Bature shi ma ba wata makarantar kirki gare shi ba, 'ya'yan masu gonaki ne ake ɗaukar wa malami ko a tura su waje. Sai ga mutumin da aka haramta wa riƙe alƙalami, wanda bai fi shekara huɗu da fara haɗa baƙi ba, ya miƙe a taron 1868 ya kawo ƙudurin a yi makarantun gwamnati kyauta ga kowane yaro kuma a tilasta zuwa. Tsarin mulkin da ya fito ya ɗora wa jihar nauyin makarantun da ke buɗe ga kowa ba ruwansu da launin fata. Tsarin makarantun gwamnati na jihar gaba ɗaya daga nan ya samo asali, kuma jikokin waɗanda suka tsani taron nan su ma a ciki suka yi karatu.

Ba makaranta kaɗai ba. Tsarin mulkin ya soke sharaɗin sai kana da dukiya za ka riƙe muƙami, ya hana ɗaure mutum saboda bashi, ya kare gidan da iyali ke zaune kada masu bin bashi su ƙwace, ya ba matar aure damar mallakar dukiyarta. A majalisa Smalls ya tsaya a kan dokar kare gidan zama da dokar hana wariya a wuraren jama'a, wanda aka sauke daga tarago cikin ruwa ai ba sai an yi masa bayanin amfaninta ba. A waje guda kuma yana cikin daraktocin kamfanin Enterprise, wani layin dogo da dawakai ke ja yana ɗaukar kaya daga tashar Charleston wanda kusan duk daraktocinsa baƙaƙe ne, ya kuma fitar da jarida a Beaufort a 1872.

Ba aiki ne mai daɗin labari kamar sace jirgi ba, zaman kwamiti ne da gardama a kan sakin layi. Amma jirgin mutum 16 ya ɗauka.

Republican? Ba ita ce jam'iyyar da baƙaƙe ke gudu ba?

Ta yanzu kake magana. A lokacin ita ce jam'iyyar Lincoln, wadda ta yaƙi bauta, Democrat kuma a Kudu ita ce gidan tsofaffin masu bayi. Juyewar ta zo ne a hankali a ƙarni na 20, musamman bayan dokokin 'yancin jama'a na 1964 da 1965. Smalls har ya mutu ɗan Republican ne na gani-kashe-ni.

Ya taɓa amfani da muƙamin janar ɗin nasa a kan talakawa?

An so ya yi. A 1876 leburorin gonakin shinkafa na kogin Combahee suka shiga yajin aiki saboda masu gonaki ba sa biyansu da tsabar kuɗi, wata takarda ake ba su wadda ba ta sayen komai sai a kantin mai gonar, a farashin da ya yanka. Aka nemi a tura runduna, aka tura Smalls, da ya je sai ya saurari mutanen ya rubuta wa gwamna cewa ba runduna ake buƙata ba, kuɗinsu suke so a ba su a hannu, aka sasanta a kan haka aka saki waɗanda aka kama. Wani da ya samu kaki da anini da ba haka zai yi ba.

Maganar cin hanci fa? Kada a ɓoye mana

Ba za a ɓoye ba. Lokacin da yake sanatan jiha shi ne shugaban kwamitin ɗab'i, kuma kwangilar buga takardun gwamnati a zamanin ta zama wajen wawaso, wannan ba ƙage ba ne, gwamnatin Republican ta lokacin tana da ɓarayi, farare da baƙaƙe. A 1877 bayan 'yan Democrat sun karɓi jihar aka gurfanar da shi cewa ya karɓi dala 5,000 a kan kwangilar, aka same shi da laifi aka yanke masa shekara uku, ya yi 'yan kwanaki a tsare aka ba da belinsa ya ɗaukaka ƙara. A 1879 gwamna William Simpson ya yi masa afuwa, cikin wani ciniki da aka yi, tarayya ta janye ƙararrakin maguɗi da ta'addancin zaɓe da take yi wa 'yan Democrat, jiha kuma ta saki 'yan Republican.

Ga yadda nake kallon abin. Babban mai shaida a kansa Josephus Woodruff ne, akawun majalisar dattawan, wanda shi kansa yana tsakiyar badaƙalar kuma yana neman tsira da wuyansa. Masu gurfanarwar kuma su ne suka hau mulki a zaɓen 1876 da bindiga, da 'yan dabarsu masu jajayen riguna, a shekarar da aka yi wa baƙaƙe kisan gilla a garin Hamburg na jihar. Shi Smalls bai taɓa amsa laifin ba, mutanensa kuma suka ci gaba da zaɓensa. Ban ce waliyyi ne ba, amma shari'ar da aka rufe ta da musayar fursunonin siyasa ba za ka kira ta neman gaskiya ba. Mu da muka saba ganin fayil ɗin mutum yana fitowa ranar da ya bar jam'iyya mai mulki, ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Majalisar tarayya fa?

Ya yi wa'adi biyar, wasu ba cikakku ba, 1875 zuwa 1879, sai 1882 zuwa 1883, sai 1884 zuwa 1887. Giɓin da kake gani yawanci maguɗi ne da razana masu zaɓe, a 1882 ma sai da majalisar ta binciki zaɓen 1880 ta cire George Tillman ta ba shi kujerar. Ya yi ƙoƙari a kan gwamnati ta kafa tashar sojan ruwa a Port Royal, wurin da daga baya ya zama sansanin horar da sojoji na tsibirin Parris.

Ya abin ya ƙare?

Ba daɗi. A 1895 ƙanen wancan George ɗin, Ben Tillman, wanda ya yi gwamna kuma lokacin sanata ne, ya jagoranci sabon taron tsarin mulki da manufa ɗaya da bai ma ɓoye ba, a cire baƙaƙe daga zaɓe. Ba za su iya rubuta launin fata ƙarara ba saboda tsarin mulkin tarayya ya hana, sai suka bi ta bayan gida, harajin kai da jarrabawar karatu da ta fahimtar tsarin mulki wadda jami'in rajista ne ke cewa ka ci ko ka faɗi. A 1868 baƙaƙe ne suka fi yawa a zauren, a 1895 su shida ne kacal, biyar daga Beaufort, Smalls yana ciki yana da shekara 56, yana kallo ana warware abin da ya ɗinka.

Bai yi shiru ba. Da aka kawo sashen hana aure tsakanin fari da baƙi sai ya ce to madalla, a ƙara da cewa duk Baturen da aka samu yana zaman daduro da baƙar mace a hana shi riƙe muƙami, ɗan da aka haifa kuma ya ɗauki sunan uban ya ci gadonsa. Zauren ya rikice, domin kowa ya san gidajen da maganar ta shafa. Ba a karɓa ba mana. A taron ne ya faɗi maganar da aka rubuta a jikin gunkinsa a Beaufort, ma'anarta ita ce mutanensa ba sa buƙatar wata kariya ta musamman, tarihinsu a ƙasar ya nuna daidai suke da kowa, abin da suke buƙata kawai a ba su dama daidai da ta kowa a gwagwarmayar rayuwa. Ya ƙi sa hannu a tsarin mulkin, amma duk da haka tsarin ya wuce.

Ka ga tsawon abin da aka yi a zauren nan. Bayan George Washington Murray ya bar majalisar tarayya a 1897, jihar ba ta sake tura baƙar fata can ba sai Jim Clyburn a 1993. Majalisar wakilai ta jiha sai a zaɓen 1970 baƙaƙe suka dawo, su uku, ta dattawa kuwa inda Smalls ya zauna sai 1983 da I. DeQuincey Newman.

Shi kuma ya ya ƙarasa rayuwarsa?

Shugaba Benjamin Harrison ya naɗa shi shugaban kwastam na Beaufort, ya riƙe kusan shekara 20, in ban da tsakanin da Democrat suka yi mulki, har 1913. Hannah ta rasu a 1883, ya auri wata malamar makaranta Annie Wigg a 1890. Ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro ne suka yi ajalinsa yana da shekara 75, an binne shi a harabar cocin Tabernacle Baptist a Beaufort.

Yanzu ana tunawa da shi a can?

An daɗe littattafan makarantar jihar ba sa yi da shi, sai 'yan Beaufort da suka riƙe sunan a makarantu da titi. Kwanan nan ne abin ya motsa. Sojan ƙasa sun ƙaddamar da wani jirgin dakon kaya mai sunansa a 2007. A 2023 sojan ruwa suka cire wa wani babban jirgin yaƙi sunan Chancellorsville, wanda sunan wani fage ne da 'yan Kudu suka yi nasara, suka mai da shi Robert Smalls. A 2024 kuma majalisar jihar, ita dai wadda ya zauna a cikinta, ta amince a kafa masa gunki a harabar majalisar a Columbia, gwamna Henry McMaster ya sa hannu, Smalls ne baƙar fata na farko da za a yi wa nasa shi kaɗai a wurin. A harabar dai akwai gunkin Wade Hampton a kan doki, wanda masu jajayen riguna suka kawo mulki a 1876, akwai kuma na Ben Tillman da aka kafa tun 1940, kuma dokar ba ta ce a taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.